Shuɗin Cinyar Hagu

Mai Fenti ba ya rubuta komai a takarda. Duk launin da ya haɗa wa wani gida, sai ya tsoma babban yatsa ya dangwala a wandon aikinsa, kuma ya san wurin kowanne: koren kantin magani a gwiwar dama, ruwan ƙasar makaranta a bakin aljihu. Shekara goma sha ɗaya wandon nan yana yi masa aikin littafi.

Ranar Litinin wata dattijuwa ta zo nemansa. Shi ya yi wa ɗakin mijinta fenti kafin ya rasu, shuɗi mai ɗan duhu da marigayin ya tsaya a kansa har aka haɗa. 'Yan haya sun kankare bangon sun yi sabon shafe, yanzu ta dawo gidan, kuma ba ta iya barci a ɗakin. Shuɗin nan take so, ba ɗan'uwansa ba. Mai Fenti ya bugi ƙirji ya ce yana nan a cinyar hagu.

Ya dawo gida, ƙusar da yake rataye wandon tana nan a bayan ƙofa, wando ya ce ɗauke ni inda ka ajiye.

Matarsa ya fara zargi, don ta sha rantsuwa sai ta cinna wa tsumman nan ashana. Ya tona tokar murhu yana neman maɓalli, ita kuwa tana tsaye riƙe da ƙugu tana tambayarsa ko zinariya ya ɓatar. Daga nan ya koma kan mai wankin bakin layi, ya yi masa gaisuwa mai tsawo idonsa na kan igiyar shanya. Mutumin ya gane, bai ƙara amsa masa sallama da daɗi ba.

Da ya fita titi abin ya ƙara ɗaure masa kai. Samari uku ya gani a tashar mota, kowanne da wando duk ɗigon fenti, ga takalma fes, ga hannaye ko ƙwarzane babu. Waɗannan ba su taɓa riƙe buroshi ba, to wandon wa suka kwashe? Ya bi ɗaya har ƙofar wani kanti mai gilashi, can ya tarar da irinsu jere a rataye, sababbi dal, an yarfa musu fenti tun daga masana'anta. Mai kantin ta ce ai shi ake yayi. Ya duba ɗigon da kyau, ransa ya ɓaci: ko mai koyo ba zai zubar da fenti haka ba.

Ranar Asabar babban ɗansa ya zo gaisuwa, wanda yake aiki a ofis, wanda tun yana sakandare ya roƙe shi ya daina zuwa makarantarsu da kayan aiki. Ya shigo yana ƙamshin turare, farar riga a sama, wandon ubansa a ƙasa.

Mai Fenti bai amsa gaisuwar ba. Cinyar hagu yake kallo. An yanke wurin da reza, an zare zaren ya yi gashi-gashi, fatar yaron tana leƙowa.

"Baba, ka yi haƙuri, na ɗauka ka gama da shi. Kowa a ofis tambayata yake inda na samu, wai nasu na kanti ne, nawa na gaske."

"Ina ƙyallen da aka yanke a nan?"

Ɗan ya ce tela ne ya yanka tun ranar Lahadi, ai ya share ya zubar. Uban ya sa yatsa a ramin, ya daɗe bai cire ba. Ya so ya yi faɗa, amma baƙin ciki ya riga faɗan fitowa.

Washegari ya ɗauki gwangwanaye ya tafi gidan dattijuwar. Shuɗi bakwai ya haɗa da ka, yana shafawa a bango ɗaya bayan ɗaya, ita tana zaune bakin gado tana girgiza kai. A na bakwai ta daɗe tana kallo, har ya fara sa rai.

"Malam, ni ma fa na fara manta yadda yake," in ji ta. "Shi ya sa na zo wurinka."