Malam Ashiru a Tabkin Shanu

Duk Filinge an san Malam Ashiru da gudu da tuƙa keke. Shi ke koyar da wasannin motsa jiki a kwaleji, kuma ranar da babu aiki yakan hau kekensa ya je Bonkuku ya dawo, ya ce wai miƙe ƙafa ya yi. Shi ya sa da abokinsa ya kira shi daga Yamai ya ce za a yi gasar tiriyatalon bayan damina, bai bari ya gama magana ba ya ce a sa sunansa. Sai da ya ajiye waya ya tuna gasar abu uku ce: keke, gudu da iyo. Kuma da iyon ake farawa.

Ashiru ya doshi arba'in, amma ruwan da ya sani bai wuce na bokiti ba. Da ya gaya wa matarsa Anisa, sai da ta ajiye ludayi ta yi dariya har da hawaye.

"Baban Muna, kai da ko wanka kake sai ka rumtse ido?"

"Ki bar dariya, ki ba ni dabara."

"Dabara tana ɗakin can," ta ce, ta nuna ɗakin mahaifiyarta da baki.

Inna Balkisa, surukarsa, 'yar masunta ce daga Gaya. A bakin kogi ta tashi, aure ya kawo ta ƙasar Kurfai. Tun rasuwar mijinta take zaune gidansu, kuma tsakaninta da Ashiru sai gaisuwa daga nesa, kai a sunkuye. Ko sunansa ba ta faɗi. Ashiru ya ce ai gara ya janye da ya tsaya gabanta da gajeren wando. Amma Anisa ta riga ta kai zancen, kuma Inna ta ce a nemo babban gora.

Ruwa ya sauka sosai a shekarar, tabkin da ke gefen hanyar Tabla ya cika. Nan suka riƙa zuwa da la'asar. Inna ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin aduwa, ta juya wa tabki baya. Anisa ta tsaya a tsakani, ido ga miji, kunne ga uwa.

"Mi ya kai?" in ji Inna.

"Ya rungume gora, Inna, yana ta shure-shure."

"Ki ce mishi ya sa huska cikin ruwa ya busa."

"Baban Muna, wai ka sa fuska ka busa!"

Ya sa fuska, ya manta da busawa, ya kwankwaɗi ruwa mai ɗanɗanon laka da kofato. Ya ɗago yana tari. Sambo, makiyayin da ke kawo shanunsa shan ruwa a wajen, ya jingina da sandarsa yana kallo.

"Malam, ka rage muna na shanu," ya ce.

Haka aka yi ta yi. Da asuba Ashiru ya yi gudu, da hantsi ya tuƙa keke, da la'asar ya koma ɗalibi. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne ƙarfin da yake taƙama da shi ba ya aiki a nan. Duk yadda ya dage sai ruwa ya ƙara jan shi ƙasa. Kullum saƙon Inna ɗaya ne ta bakin Anisa: ya saki jiki.

Wata rana ya ga ya fara iyawa, ya ture goran ya ce zai gwada shi kaɗai. Bai san akwai ramin da masu tubali suka haƙa da rani ba. Ya miƙa ƙafa zai taka ƙasa, ya ji babu. Ya nutse, ya taso, ya sake nutsewa. Anisa ta ƙwala ihu.

Inna ta miƙe zumbur ta juyo.

"Ashiru! Bar bugun ruwa! Kwanta bisa bayanka, ka dubi sama!"

Bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Mamaki ya sa ya bi umarnin ba tare da tunani ba. Ya kwanta, ya buɗe hannuwa, sai ga shi a saman ruwa kamar ganye. Kunnuwansa suka cika, duniya ta yi tsit, yana ganin balbelu suna wucewa.

"To, haka nan," in ji Inna. "Yanzu motsa ƙahwa sannu."

Da ya fito kowa ya rasa inda zai sa ido. Inna ta gyara lulluɓinta ta ce wa ɗiyarta, "Ke ba ki iya kai saƙo ba. Gobe ni ka hwaɗi da kaina."

Daga ranar ta daina juya baya. Takan bi bakin tabki da lema a hannu, tana gyara masa yadda zai jefa hannu da yadda zai juya kai ya sha iska. Kafin a fara yankan gero yana ƙetare tabkin ya dawo, Sambo na kora masa shanu gefe.

Ranar gasa, a wurin iyon wani otal na Yamai aka fara. Ruwan ya ba shi mamaki: garai-garai, har yana ganin yatsun ƙafarsa, sai warin jabel, maganin da ake tsabtace ruwa da shi. Aka busa usur, samari suka wuce shi kamar kifaye. Bai bi su ba, ya yi nasa a hankali. Da numfashi ya ƙare masa sai ya kwanta da baya, ya huta, ya ci gaba. Shi ne na ƙarshen fitowa, 'yan kallo suna ta yi masa tafi, yana dariya yana neman takalminsa.

Da ya hau keke kuwa sai labari ya canja. Ya riƙa tsince su ɗai-ɗai a kan kwalta, a gudu ma ya wuce wasu. Bai zo kusa da na farko ba, amma waɗanda ya bari a baya suna da dama. Aka rataya masa lambar kammalawa, wani saurayi ya tambaye shi a wane kulob yake atisaye. Ya ce a hanyar Tabla.

Washegari aka ɗaure keken a saman motar Filinge tare da buhunan shinkafa. Cinyoyinsa sun yi tsami har sai da karen mota ya tallafa masa ya hau. Ya sayi busasshen kifi a tasha tsarabar Inna, ya ɗora ƙullin a cinya, ya ce wa na kusa da shi ya tashe shi a Balayara don ya sha fura. Motar ba ta gama fita gari ba barci ya kwashe shi.