Ƙahon Sha'aibu Wanzami

Sha'aibu wanzami yana da wani hali, ni ma marubucin ban tsira daga gare shi ba: in ana masa bayani, hankalinsa tafiya yake yi. Haka ta faru ranar da Likita Edith ta zaunar da shi a wani asibiti a Onitsha.

"Baba, ka ga wannan babbar jijiyar? Ita ke kai jini daga hanji zuwa hanta. Ciwon hanta ya sa hantarka ta yi tauri, jinin ya rage gudu, har ya daskare. Wannan ƙwayar za ta tsinka shi. Amma fa babu ƙaho, babu aska, don in ka yanke jinin ba zai tsaya ba."

Shi kuwa tuni yana cikin kwalekwale. Ga jijiyar ta zama kogin Kwara, jajawur, shiru, ga gudan jinin kwance a tsakiya kamar tirelar albasa ta mutu a kan gadar Head Bridge. Mataccen jini! Shi da ya tsufa yana zuƙe shi daga bayan 'yan dako!

Ya sha ƙwayar yadda aka ce. Da Juma'a ta zagayo sai ya kwanta a tabarmar abokin sana'arsa Abdulrauf, ya yaye riga.

"Sha'aibu, ba an hana ka ba?"

"Kai dai kafa, nan dama. Yaushe ka zama nas?"

Abdulrauf ya tsaga, ya kafa, ya zuƙa. Sha'aibu ya lumshe ido. Ya ji tirelar ta motsa, gada ta buɗe, ruwa yana wucewa a hankali, har da farin tsuntsu a bakin kwalekwalen. Ƙarar baburan okada ta yi nisa, ta koma kamar kiran sallar wata unguwa.

"Ba guda ko ɗaya," in ji Abdulrauf. "Kamar zoɓo."

"Ya narke ke nan," in ji Sha'aibu yana murmushi.

"Narkewar gidanku! Tashi, tabarma ta jiƙe!"

A asibiti aka tsayar da jinin, aka ƙara masa wani. Likita Edith ta sake ɗora masa na'urar hoto a ciki.

Gudan yana nan inda yake. Askar ko kitsen cikinsa ba ta wuce ba.