Roƙo na Goma Sha Huɗu

Saura ƙiris saƙon da Keziya ke turawa ta kwamfutarta ya tafi sai Chika, mai shagon buga takardu, ya tsaya a kanta yana share zufa.

"Mama, ke ce mai kwamfuta mai suna Zumuntar Mata?"

"Ni ce. Lafiya?"

"Zo ki gani."

Ta bi shi teburinsa tana gyara ɗankwali. A fuskar kwamfutarsa ga foldarta zaune daram, da sunan da ta raɗa mata da hannunta: Roƙon Addu'a, Sirri. Ya danna sau biyu, ta buɗe. Ko lambar sirri ba ta tambaya ba.

Shekara shida Keziya, sakatariyar Zumuntar Mata, ke riƙe da makullin akwatin roƙon addu'a na matan majami'arsu a Samaru. Kowace Talata mata kan rubuta abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya su jefa. Ita kaɗai ke buɗewa, ta buga da manyan baƙaƙe saboda tsofaffin masu addu'a, ta cire sunaye. Amma a kwamfutarta tana ajiye na asali, da suna da komai, don ta san gidan da za ta leƙa. Ana yi mata kirari da cewa cikinta rijiya ne, kuma gaskiya kirarin na faranta mata rai fiye da kima. Watan jiya Henry na ofishin majami'a ya buɗe foldar don kwamfutar ofis ta riƙa ɗauka kai tsaye tana bugawa. Ya ce ta riƙa rufewa in za ta fita da ita. Ta ce to, hankalinta na kan shinkafar da ta bari a wuta.

"Duk wanda ya hau waifai, wato intanet ɗin shagon nan, zai iya shiga," in ji Chika. "Ya karanta, ya kwashe ma in ya ga dama."

"Su wa suka shiga?"

"Allah, ban sani ba, Mama."

Ta waiga. Mutum goma sha ɗaya, kowa ya dukufa a kan abin gabansa: ɗalibai, wani mai babbar riga, wata mai jego. Wani ya yi murmushi shi kaɗai. Chika ya je ya danna wani abu a kwamfutarta, ya ce ya rufe. Aikin bai kai haɗiyar yawu ba.

"Ƙauna ce ta fara gani," ya ce. "Ta buɗe don ta san mai shi. Sai ta ce in gaya miki, ta fita."

Ƙauna ma'aikaciyar shagon ce, 'yar aminiyarta Dorkas. Ita ce ma ta ce, "Mama, ki zo shagonmu a PZ, waifai ɗinmu kyauta ne." Kujerarta babu kowa, jakarta ba ta nan, ga burodin da ta fara ci a kan tebur.

Roƙo ashirin da uku ne a foldar, Keziya kuwa ta haddace na goma sha huɗu. Dorkas ta ji ƙulli a nononta, likita ya ce sai an yi aiki, ita kuma ta ce ba yanzu ba, sai an sha bikin Ƙauna a Disamba. A ƙasa ta ja layi biyu: kada yarinyar ta ji.

Keziya ta kira Dorkas, a kashe. Ta kira Ƙauna, tana shiga ba a ɗauka. Ta faɗa bas ɗin Samaru da kwamfutar rungume a ƙirji. A Kwangila wata tirela ta gitta hanya, aka yi cirko-cirko. Ta sauka, ta koma, ta sake sauka. Kwandasta ya ce, "Hajiya, ki zaɓi ɗaya mana." Da wata rana ce da ta gaya masa ita ba Hajiya ba ce, yau ko kallonsa ba ta yi ba. Tana ta shirya magana a ranta tana rushewa. Ta ce laifin Henry ne? Ai ya gaya mata. Ta ce na'ura ce? Na'ura ba ta rantse wa kowa za ta riƙe amana ba. Kunya ta ishe ta, tsoro ya fi kunyar.

Da bas ɗin ya kai ta Samaru, ta hau acaɓa zuwa Bomo, unguwar su Dorkas. A ƙofar ɗakin Dorkas ta ga takalman Ƙauna, ɗaya nan ɗaya can.

Suna zaune a tabarma, masarar da Dorkas ke ɓarewa ta watse. Ƙauna ta kifa kai a cinyar uwarta, hannunta damƙe da katin asibiti. Keziya ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Maman Ƙauna, ni ce. Ban rufe ba."

Dorkas ta ɗago ta dube ta.

"Sakatariya, wurin Ubangiji na ce ki kai. Kika kai PZ."

"Ki yafe mini."

"Gobe da sassafe za mu asibiti," in ji Ƙauna, ba ta ɗago ba. "Bikin ya jira. In ya ƙi jira, ya tafi."

Dorkas ta shafa kan 'yarta. Fuskarta ta yi sanyi irin na wadda aka sauke wa tulu, har Keziya ta fara jin numfashinta na dawowa.

"Ni tawa ta faɗa hannun 'yata," in ji Dorkas a hankali. "Mu nawa ne a ciki?"

"Ashirin da uku."

"Sauran fa? Su ma 'ya'yansu ne suka karanta?"

Keziya ta tuna mai murmushin nan na shago. Ta tuna roƙo na shida, da na tara, da na Christabel wanda ko mijinta bai sani ba. Ta miƙe. Ta kwance makullin akwati daga bakin zanenta, ta ajiye a kan tabarma kusa da masarar.

Gidan Christabel ne mafi kusa, bayan gonar rake. Ta sa takalmanta ta nufi can, ta fara gaya mata da bakinta.