Hocen Suruka

Namadi na Kambaza mutum ne mai tsoron allura, ballantana wuƙa. Da ciwon ƙashi da yawan ƙishirwa suka kai shi asibiti a Gwandu, likita ya ce wata 'yar halitta ce a wuyansa, ba ta kai ƙwayar wake ba, ta yi zaƙewa wurin aiki tana kwashe sinadarin ƙashinsa tana zubawa a jini. Sai an yi tiyata an cire ta.

Namadi ya yanke wa kansa hukuncin mutuwa, ya shiga yawon neman gafara har Kalgo, gidan surukarsa Hajiya Zulaiha. Wannan tsohuwa tun aurensa da 'yarta Lauratu take aiko masa da hoce, wato gasasshiyar wainar dawa, mai tauri kamar dutse. Da a gaisuwa ya tsaya da an rabu lafiya, amma ina!

"Hajiya, ki gahwarce ni," in ji shi, kai a ƙasa. "Hocen ga da kike aiko min, jakina ka ci nai."

Hajiya ta shiga ɗaki ta fito da guda uku. "Cinye su gabana, in yahe ma."

Ya ci, idanunsa na hawaye. Kwana kaɗan wuyansa ya ɗauki ciwo, sannan ya lafa. Ranar shirin tiyata aka sake gwada jininsa, likita ya duba, ya ce a sake. Lafiya lau! Ya ce abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, halittar kan rasa jini ta mace da kanta. A dai riƙa zuwa gwaji, don tana iya farfaɗowa.

"Ba hoce na ba?" in ji Lauratu, da ta rako shi.

"Babu ruwan hoce," in ji likita.

Wa zai ji ta likita? Kafin Namadi ya kai gida, Kalgo duk ta ɗauka hocen Hajiya ya gagari wuƙa. Wallahi na tausaya masa. Yanzu kowace Juma'a kwano guda ke zuwa, don kada ciwon ya dawo, Lauratu kuma sai ta ɗaure jakin a bayan gida ta jawo kujera ta zauna har ya cinye.

Watan jiya da ya koma gwaji, likita ya ce har yanzu komai daidai. Namadi ya leƙa ƙofa, ya rage murya.

"Likita, don Allah, tiyatar nan hwa, ba a yin ta hakanan?"