Gurbin da ke Cikin Taken Illa

Tun da Gajere makaɗi ya rasu, Malam Illa na Bande bai sake jin takensa ba. Take kuwa ga manomi ba abin wasa ba ne. Ranar gayya, in gangar noma ta kira mutum da nasa kiɗan, ko bayansa na ciwo sai ya miƙe. Samarin makaɗa na yanzu ba su san na Illa ba, shi kuma girman kai ba zai bar shi ya je yana koya wa yara yadda za su yabe shi ba.

'Yarsa Rahma, wadda ke koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Magarya, ita abin ya tsaya wa a rai. Ta iya rubutun kiɗa, irin wanda ake zuba ɗigo-ɗigo a kan layuka, tana kuma da manhajar yin sa a na'urarta. Da ta ji matasan unguwa za su yi wa tsohon gayya bana, sai ta ƙudurta cewa ko ana ha-maza-ha-mata sai an kaɗa masa takensa a gonar. Ta yi ta zuwa gida tana lallaɓa shi, har wata rana da hantsi, yana gyaran ƙotar hauya, ya manta da kansa ya buga shi da yatsu a bayan ƙwarya. Ta kwashe shi tsaf a rubuce. A tsakiya, inda ya ɗan tsaya, ta sa alamar jira, wata 'yar alama mai kama da ido da gira, wadda ke nufin makaɗi ya dakata sai an ba shi hanya.

Saura mai kaɗawa. Akwai Nazir a Dungas, ɗan ƙanwar Illa, taubashinta, mai buga ganga a wuraren biki, wanda shi ma ya iya karanta rubutun kiɗa. Ta aika masa ta waya. Ba a jima ba ya kira.

"Madam, fishiyenki ya ƙi buɗuwa. Shi ma halinki gare shi."

"Wayarka ce 'yar ƙauye kamar mai ita," in ji Rahma.

Gaskiyar magana, manhajarta daban, tasa daban, kowace da irin fishiyen, wato fayil ɗin, da take ganewa. Rahma ta duba jerin hanyoyin juya fishiyen, ta zaɓi wadda ake kira MIDI don ta ga ba shi da nauyi, rezon waya kuma, wato sabis, ba a ba shi amana da damina. Wannan karon ya buɗe. Nazir ya yi ta bita har maƙwabta suka haddace.

Ana gobe gayya ya iso Bande a kan babur da la'asar, ganga goye a baya. Aka shimfiɗa wa Illa tabarma a tsakar gida, matarsa Inna Tabawa ta aje tankaɗe, Rahma ta tsaya jikin rumbu. Nazir ya saki hannu. Wallahi ya iya, ba a hana shi wannan. Kiɗan ya zubo tun daga farko har ƙarshe ba tangarɗa.

Illa ya saurara, ya gyaɗa kai.

"Madalla, Naziru. Hannunka na da daɗi. Allah ya yi albarka."

Ya tashi ya tafi duba awaki.

Rahma ta ji kamar an watsa mata ruwan randa. Ta san ubanta. In abu ya taɓa shi ba ya sa albarka da ladabi haka, wannan irin godiyar da yake yi wa baƙo ce in ya kawo tsarabar da ba a so. Ta fizge wayar Nazir, ta buɗe na'urarta, ta jera su a kan turmi. Ɗigon nan duk suna nan, babu wanda ya ɓata. Sai da ta kai tsakiya ta ga abin. Idon nan da girarsa babu su a wayar. Inda ta ce a jira, an bar ɗan numfashi ɗaya tak, kiɗa ya wuce abinsa.

"Nazir, ina alamar jirana?"

"Wace alama? Abin da kika aiko na kaɗa. Ni na ma ji daɗi da babu tsayawa, wa ke gayyatar makaɗi don ya yi shiru?"

Nan ta gane. MIDI sauti yake ɗauka da tsawonsa, ba ruwansa da alamun da aka rubuta wa mutum. Ta sake juya fishiyen zuwa MusicXML, wanda ke tafiya da rubutun gaba ɗaya, ta tura masa suna tsugune kafaɗa da kafaɗa. Rezo ya yi ta jan ƙafa, har sai da Nazir ya hau kan amalanken jaki yana ɗaga waya sama, Inna Tabawa na yi masa dariya. Da ya buɗe, ga ido ga gira.

"To, in jira har yaushe?" ya tambaya.

Inna Tabawa ce ta amsa, tana kaɗe gari daga zanenta. "Har sai kawunka ya gama faɗin abin da ke bakinsa. Wurinsa ke nan. Gajere in ya zo nan ɗaga gula yake yi sama, ko za a kwana."

Washegari gona ta cika. Gero ya kai gwiwa, ƙasa da laima, samari sun jeru da hauyoyi, mata na sauke ƙoren fura a gindin gawo. Illa na zaune a inuwa cikin farar riga, wai shi dattijo mai kallo. Nazir ya kaɗa wa wannan, ya kaɗa wa wancan, aiki ya yi zafi. Can ya juyo, ya fuskanci gawon, ya ɗauko taken.

Da ya iso tsakiya ya ɗaga gula sama, ya tsaya cak.

Gonar ta yi tsit. Samari suka ɗago suna duban juna, sun zaci fatar gangar ce ta fashe. Rahma ta kama gefen mayafinta ta murɗe. Illa bai motsa ba. Nazir ya saci kallon Rahma, ta harare shi harara mai cewa in ka sauke sai na ci mutuncinka.

Sai tsohon ya dafa ƙasa. Ya miƙe a hankali, gwiwa na ƙara, ya karɓe hauya daga hannun wani saurayi, ya ɗaga ta sama. Muryar ta fito da tsatsa da farko, sannan ta washe.

"Sai ni Illa na Tabawa! Rana ta same ni a gona, ta faɗi ta bar ni a gona! In cika rumbuna in ari na maƙwabci!"

Gula ta sauka a kan ganga daidai ƙarshen maganarsa. Inna Tabawa ta rangaɗa guɗar da ta tashi tsuntsaye daga gawon, samari suka ɗauki ihu, Rahma kuwa dariya take hawaye na zuba, daɗi ya hana ta sanin wanne za ta fara sharewa. Illa ya shiga layi da farar rigarsa, ya kafta sara uku masu kyau, ya tsaya yana haki. Bai ko waiwayo ba ya ɗaga hannu wajen mai ganga.

"Ƙara, Gajere!"

Nazir bai gyara masa suna ba. Ya gyara rataya, ya koma farko.