Jirgi a Bangon Alhaji

Shekara ya kife akwatin sojansa a tsakar ɗaki, kaya suka watse: tsohon bargo, butar ƙarfe, lambar yaƙi da ta yi tsatsa. Ya kakkaɓe bargon, ya sake kakkaɓewa. Takarda dai ko alamarta babu.

"Fadima! Wa ya taɓa min akwati?"

Matarsa ta leƙo da muciya a hannu. "Ni ce, maigida. Me ya ɓata?"

"Shuɗiyar takardar nan babba!"

"Au, mai zane-zanen? Ai na ba ƙanina Illa tun kafin azumi. Ya ce ado ya ƙare masa a ka, ni kuwa na ga ba ka komai da ita sai kallo."

Innalillahi! Shekara ya dafe kai. Takardar nan fa ita ce dukiyarsa. Wani Nasara makaniki ne ya ba shi ita a Yamai, lokacin da yake aikin katako a bakin kogi bayan ya bar soja. Zanen jirgin ruwa ne mai inji, irin mai faɗin ciki da nauyi, wanda yake zama daram cikin ruwa yana ture shi a hankali, ba kwalekwalen da iska kaɗan ke wasa da shi ba. Tun da ya dawo Matameye ya buɗe rumfar kafinta yake cewa zai ƙera shi, saboda kowace damina ruwa yakan kwanta a kwarin da ke hanyar Kurni har kaka, masu jakuna su yi ta zagaye. Mutanen gari kuwa dariya kawai suke yi, sun ma laƙa masa Sarkin Ruwa.

Mutum ɗaya ne ya saurare shi, Alhaji Lawwali mai sayen gyaɗa, wanda yake da injin wani mataccen kamiyo, babbar motar kaya. Sai dai yau ranar kasuwa wani mutumin Kance ya zo yana son injin don niƙa. Alhaji ya aiko da safe: a kawo zanen ya gani da idonsa kafin la'asar, in ba haka ba inji ya tafi Kance.

Shekara ya zari hula ya fita. A bayan rumfunan 'yan tukwane ya iske Illa, ƙanin Fadima, magini, ya nutse cikin kwaɓin ƙasa har gwiwa.

"A'a, Sarkin Ruwa da kansa! Ranka ya daɗe, ina ka ɗaure jirgin?"

"Kai, ba wasa ya kawo ni ba. Ina takardata?"

Illa ya sosa ƙeya, ya bar laka a wurin. "To, gaskiya, na ɗora ta kan katanga, akuyar Baiwa maƙwabciyarmu ta yi kalaci da ita. Wata kusurwa ta rage, da ita na ƙunsa taba."

Shekara ya zauna a kan tubali. Wallahi ya ji kamar ya yi kuka, babban mutum da furfura a gemu. Akuya! Takardar da ta tsallake gara da ruwan sama tun daga Yamai.

"Haba yaya, kar ka mutu mana a nan," in ji Illa. "Ai na gama aiki da ita kafin a cinye. Taso ka gani."

Ya ja shi har ƙofar sabon zauren Alhaji Lawwali, wanda cikin makon nan aka yaye zanar da ta rufe fuskarsa. Shekara bai taɓa biyowa ba, don a kasuwa yake ganin Alhaji. Ya ɗaga kai, sai bakinsa ya buɗe.

Ga jirginsa nan a saman ƙofa, an fitar da shi da laka, an shafe da farar ƙasa da shuni. Ga ƙashin baya, ga haƙarƙari jere, ga farfela kamar fure. Illa da igiya yake aiki, kowane layi sai ya auna ya ninka, bai bar ko ɗaya ba. Har lambobin awo ya kwafe, a zatonsa irin dagin Nasara ke nan. Abu ɗaya ne kawai: jirgin a kife yake.

"Me ya sa ka kife shi?"

"Ya fi zama a kan ƙofa haka. Kai me ka sani a ado?"

Alhaji yana zaune a rumfar zana gefen zauren tare da mutumin Kance, ga injin a kan itace an rufe da buhu. Shekara ya durƙusa ya gaishe shi.

"Sarkin Ruwa, la'asar ta kusa. Ina zanen?"

"Ga shi bisa kanka, Alhaji."

Alhaji ya fito ya daɗe yana kallon bangonsa. "Ikon Allah! Ni da nake gaya wa baƙi kifi ne irin wanda na gani a Bahar Maliya a hanyar Makka!" Sai ya ɓata fuska. "Amma tsaya. Jirgin da ya kife tun yana bango, shi zan ba injina?"

Mutumin Kance ya ƙyalƙyale da dariya. Shekara ya dake.

"Alhaji, ai a kife ake fara shi. Ƙashin baya sama, haƙarƙari ƙasa, sai an gama rufa katako a juya shi. Ga mazaunin injin nan, daidai inda kake rataya carbi."

"Takardar fa?"

"Akuya ta cinye."

Alhaji ya shafa gemu, idonsa na ɗan kasuwa ya yi haske. "Wato duk ƙasar nan, wanda zai ƙera jirgi sai ya zo ƙofar gidana ya kalla?"

"Babu wani wuri, Alhaji."

"Malam, ka gaida mutanen Kance," in ji Alhaji. "Inji ya zauna."

Daɗi ya kama Shekara, ya rungume Illa da lakarsa duka. Suna cikin haka iska ta kaɗo daga gabas, hadari ya haɗe baƙi ƙirin. Illa ya dubi sama ya ce shafen bai gama kamawa ba, ruwa mai ƙarfi zai iya wanke ƙananan lambobin.

Kafin ya rufe baki Shekara ya yaye zanar rumfar Alhaji, ya hau kafaɗar Illa yana ɗaurawa. Zana ba ta kai wajen farfela ba, ya tuɓe rigarsa ya rufa. Yayyafi ya fara sauka a gadon bayansa.

Fadima ta iso da bargon sojan a ka, don labari ya riga ya kai mata. Ta miƙa masa, ta tsaya tana kallon mijinta babu riga a kan wuyan ƙaninta.

"Maigida," ta ce, "jirgin ruwa ne fa kake ɓoye wa ruwa."

"Riƙe min wancan gefen," in ji Shekara. "Kuma a gaya wa Baiwa ta ɗaure akuyarta."