Littattafan da Aka Tara wa Yara

Warin ne ya riga buhunan isowa. Direban Madam Kindness, wani dogo mai suna Umar Farouk, ya sauke su a barandar Baba Yunana da ke Garki, ya goge hannu a wando, ya ja baya.

"Baba, Madam ta ce a gaishe ku. Wai littattafan da mutanen coci suka tara wa yara ne."

"Madalla. Ka ce mun gode."

"Amma Baba, a waje za ku buɗe fa. Wallahi har motar ta ɗauka."

Baba Yunana tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya daɗe da yin ritaya. A cocinsu shi ke karanta Littafi Mai Tsarki da sanarwa a sujadar Hausa, tun ginin bai da rufi. Mutum ne da ba a taɓa jin ya yi wa kowa tsawa ba. Matarsa, Mama Serah, yanar ido ta rage mata gani, sai ta kawo abu dab da hanci take gani. Kowace Asabar sukan hau keke Napep su tafi sansanin 'yan gudun hijira da ke bayan Apo, su tara yara a gindin mangwaro suna koya musu karatu. Allo ɗaya gare su, littafi babu. Shi ya sa suka roƙi ikilisiya. Kwamitin taimako, wanda Madam Kindness ke shugabanta, ya yi sanarwa. Mama Serah kuwa ta riga ta yi wa yaran alkawari: Asabar mai zuwa kowa zai riƙe littafi a hannunsa.

Ranar Juma'a ke nan.

Ya kwance buhu na farko. Kyankyasai suka watse, ɗaya ya hau ƙafar Mama Serah, ta kaɗe shi da tsaki. Takardun sun manne da juna, baƙar fumfuna ta cinye gefensu. Kashin ɓera ya zubo kamar an juye shinkafa.

"Me ka samu, Baban Marvel?"

"Rahoton taron bita na wata ma'aikata." Ya ajiye. "Kalandar shekarun baya. Littafin koyon tayar da janareta."

"Na yara fa?"

"Ina dubawa."

Buhu na biyu ya fi na farko. A tsakiyarsa an cusa famfas na jariri, wanda aka yi amfani da shi, ya bushe ya ƙame. Baba Yunana ya ɗauke shi da tsinke biyu ya kai kwandon shara, yana riƙe numfashi. Mutanen nan ba kyauta suka yi ba. Share sitonsu suka yi, suka samu inda za a kwashe musu shara a kuma gode musu.

Daga nan sai littattafan jana'iza. Irin waɗanda ake rabawa a coci ranar binne mutum, masu hoton mamaci a bango da tarihinsa a ciki. Tuli guda. Tsofaffi cikin babbar riga, mata da goggoro, duk suna murmushi, duk ɓera ya taɓa su.

"Yaran da suka gudo daga inda aka kashe iyayensu," in ji Mama Serah, "da wannan za su koyi baƙi? Fuskokin matattu?"

Ya ci gaba da fito da su. Ita ma ta sa hannu tana zaro su ɗaya bayan ɗaya, tana kai kowanne kusa da ido. Can sai ta tsaya. Ta daɗe tana riƙe da ɗaya.

"Baban Marvel. Zo ka karanta min wannan."

Bai buƙaci karantawa ba. Marvel ne, ɗansu tilo, wanda mota ta kashe a hanyar Keffi kusa da Masaka, shekarar da ya gama jami'a. Hoton da suka zaɓa da kansu, yana sanye da rigar kammala karatu. A kan fuskarsa akwai zagayen baƙin gindin tukunya, da manja da ya jiƙa takardar har ta yi shara-shara.

"Tukunya aka ɗora masa a fuska," ta ce.

"Wataƙila yara ne, ko 'yar aiki da ba ta san..."

"Kai kullum kana da wataƙila. Duk wanda ya karɓi littafin nan, a gabana ya karɓa. Ya rungume ni, ya yi kuka, ya ci shinkafarmu."

Ta goge bangon da bakin zaninta. Manjan bai fita ba.

"Ranar Lahadi wa zai yi wa ikilisiya godiya?"

"Fasto ya ce ni."

"To ka ji ni da kyau. In ka tsaya gaban mutanen nan ka gode musu, kada ka ƙara buɗe min littafi a gidan nan."

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tun da idonta ya raunana, kowace yamma ita ke fito da kujerarsa baranda, ta zauna a tabarma, shi kuma ya karanta mata. Wani lokaci Zabura, wani lokaci littafin labari, wani lokaci jarida, tana katse shi tana zagin 'yan siyasa. Abin da ya rage musu ke nan, su biyu.

Ranar ba ta fito da kujerar ba. Sai ya ji tana jan wani abu daga ƙarƙashin gado. Akwatin ƙarfe ne da ba a buɗe ba tun bayan jana'izar. Littattafan Marvel na firamare, kowanne ta naɗe masa bango da takardar siminti tun yana yaro, suna ƙamshin kafur.

"Maman Marvel, kin tabbata?"

"Na yi wa yara alkawari. Ɗauko min jaka."

Ranar Asabar yaran suka yi layi a gindin mangwaro. Babu wanda ya yi wawaso. Wata yarinya mai suna Joy ta karɓi nata, ta shinshina shi, ta rungume shi a ƙirji, ta ƙi buɗewa don kada ya lalace. Mama Serah ta juya baya tana gyara ɗankwali, ta daɗe tana gyarawa.

Ana cikin karatu sai ga babbar mota. Madam Kindness ta fito, turarenta ya rufe wajen, tana ɗaga bakin leshinta kada ya taɓa ƙasa.

"Dadi! Momi! Sannunku da aikin Ubangiji. Kai, ashe akwai masu kyau haka a ciki? Ai na gaya wa kwamiti, mutanenmu akwai zuciya." Ta fito da waya. "Yara, ku ɗaga su sama. Sama sosai! Ke, mai yagaggiyar riga, dawo gaba, ke za ki fi fitowa. Ku yi dariya mana, an ba ku kyauta kuna ɓata rai?"

Ta ɗauki hoto ta ko'ina. Ta rungumi Joy don hoto ɗaya, sannan ta fito da ɗan ruwan wanke hannu daga jaka ta murza har gwiwar hannu.

Mama Serah ta juya inda mijinta yake. Ba ta ganinsa sosai, amma ya san shi take kallo. Ya ce, "A sauka lafiya, Madam."

Suka hau keke suka koma gida. Da yamma kujerar tana ɗaki.

Ranar Lahadi coci ya cika. Bayan waƙar zumuntar mata aka haska hoton a bango: yara sun ɗaga littattafai, Madam Kindness a tsakiya. Aka yi tafi, wata ta rangaɗa guɗa. Fasto ya ce wannan shi ne bangaskiya mai aiki, sannan ya kira Baba Yunana ya yi godiya a madadin yara.

Ya tashi yana jan jakar Gana-mas-go. Ya bi ta gaban mutanen da ya sani tun suna haya a ɗaki ɗaya, yanzu kowa ya yi gida ya yi tumbi. Ga kujerar da ya saba zama kusa da mumbari. Ya san in ya yi abin da ke ransa ba zai sake zama a kanta ba. Ya zuge jakar. Waɗanda ke layin gaba suka toshe hanci.

"'Yan'uwa, an ce in yi godiya. Ni kuwa karatu na iya. Bari in karanta muku abin da kuka bayar."

Ya sa tabarau.

"Yadda ake tayar da janareta."

Aka yi dariya. An ɗauka raha ce.

"Rahoton taron bita kan gyaran tsarin fansho, kashi na biyu. Ɓera ya ci kashi na farko."

Dariyar ta ƙaru. Ya sake sa hannu.

"Jana'izar marigayi Dattijo Habila Gwamna. Ya yi barci cikin Ubangiji."

Dariyar ta yanke. A layi na uku wani mutum ya miƙe a hankali. "Babana ne wannan."

"Shi ne. An yage rabin fuskarsa." Ya ajiye a kan mumbari, ya ɗauko wani. Ya karanta sunan matar mai kaɗa molo ta coci. Ya karanta sunan ƙanin ma'aji. Muryarsa ba ta canja ba, irin wadda yake karanta Ayuba da ita. Kowane suna sai wani ya yi motsi a kujera, yana waige-waige, yana neman wanda ya zubar da nasa mamacin. Mai waigen kuma shi kansa ya san ya zubar da na wani.

"Marigayiya Mama Damaris Tanko. Uwa abar koyi."

"Yesu!" Madam Kindness ta zabura. "Mahaifiyata! Wane mara kunya ne ya sa mahaifiyata a buhu? Littafin da na raba wa manyan baƙi kaɗai?"

"Ke wa kika zuba a naki buhun?" wata ta jefo daga baya.

Coci ya rikice. Fasto ya yi wa mai na'ura alama, aka kashe makirfon. Amma Baba Yunana ya koyi karatu a cocin nan tun babu lantarki. Ya ɗaga na ƙarshe sama, mai zagayen tukunya.

"Wannan kuma Marvel Yunana ne. Kun san shi, wasunku sun goya shi. Littattafan da kuke gani a hoton can nasa ne, uwarsa ce ta fito da su daga akwati. Daga buhunanku ko ɗaya bai je wurin yara ba." Ya cire tabarau. "Zan tafi da nawa. Kowa ya zo ya ɗauki nasa."

Ya sauka. Babu wanda ya yi tafi. 'Yan kwaya, mawaƙan coci, suka fara waƙa da sauri, kowa da nasa amo.

Bayan an tashi dattawa suka kira shi ofis. Babu wanda ya ce ƙarya ya yi. Sun dai ce ba wurin da ya dace ba ne, kuma akwai baƙi. Suka ce shekaru sun ja, ya kamata ya huta da karatun sujada, a ba matasa dama. Ɗaya daga cikinsu yana magana yana danna littafin ƙaninsa cikin aljihu. Babu wanda ya ce shi ne ya ɗora tukunyar. Babu wanda ya tambayi ko yaran na buƙatar ƙarin littafi.

A bakin ƙofa ya tarar an share hoton daga bango. Jakar tana nan inda ya bar ta, da sauran matattun da ba su da kowa a sujadar ranar. Ya ɗauke ta ya tafi da su gida.

Da yamma yana kwance ya ji ana jan abu a ƙasa. Ya leƙa. Mama Serah ce ke fitar da kujerar baranda, tana laluben bango da hannu ɗaya.

Ya fito ya zauna. Ta shimfiɗa tabarmarta.

"Sun tsige ni," ya ce.

"Na ji. Matar ma'aji ta bugo, wai tana yi min jaje." Ta yi tsaki. "Ka manta abu ɗaya."

"Me?"

"Famfas ɗin. Da ka kai musu shi ma."

"Ai shi ba rubutu a jikinsa."

Ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Sannan ta zaro littafin jana'izar Marvel, wanda ya dawo da shi gida, daga zaninta ta miƙa masa. Har yanzu yana warin manja.

"Ranar jana'izar ban ji komai da aka karanta ba," ta ce. "Fara daga farko. A hankali."

Ya sa tabarau, ya buɗe shafin da ya manne, ya fara.